Kilishin Batsari a Garin da Rana Ta Ƙi Fita

Tun da na dawo daga ƙasar Gana ban yi ciniki cikin natsuwa ba. Mutum zai tsaya gaban teburina a kasuwa, maimakon ya faɗi abin da ya zo saye, sai ya ce, "Malam Sallau, wai da gaske ne an ƙwace maka nama?" Wani kuma ya ce ya ji na bar fawa na koma gashin burodi. Na gaji da ba da labari guntu-guntu kowa yana ƙara nasa. Saboda haka ga shi daga farko har ƙarshe, kowane abu a wurinsa. Wanda ya karanta kada ya sake tambayata.

Na farko, yadda aka yi aka zaɓe ni. Wani kamfanin jirgin sama ya ɗauki nauyin baje kolin abinci da sana'o'in hannu a Katsina. Ni sana'ata kilishi, gadonta na yi, sai na kai tebur. Bayan 'yan makonni wata ma'aikaciyarsu mai suna Binta, Bakanuwa, ta kira ni a waya. Ta ce kamfaninsu na shirin fara jigila tsakanin Kano da Akra, babban birnin Gana, kuma sun ɗauki nauyin wani babban bikin abinci a can. Suna so su kai mutum biyu daga wajenmu.

Na ce mata, "Yarinya, mene ne ribar mai jirgi a cikin kilishi?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, jirgi ko ya cika ko bai cika ba, man da zai sha ɗaya ne. Kuma ba wanda ke sayen tikiti don yana sha'awar zama a sama. Sai ya ji akwai abin da zai je ya gani, ko ya ci. Mu aikinmu mu sa masa kwaɗayi."

Wannan bayani ya shige ni. Amma abin da ya sa na yarda daban ne. Kun san shekarun nan, in aka ambaci Batsari a rediyo gaban mutum faɗuwa yake yi kafin ya ji sauran. Binta ta ce za a rataya ƙyalle a saman teburina a rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe. Na ce in dai haka ne zan je, ko sau ɗaya a ambaci garinmu mutane suna tauna, ba suna salati ba.

Na biyu, shiri. An yi mini fasfo, an yi mini allurar shawara an ba ni katinta. Na sayi bajimai biyu, na kai su wurin likitan dabbobi ya ba ni takarda cewa lafiyarsu ƙalau, sannan na yanka. A lokacin ƙarshen bazara ne, rana kamar ta tsaga ƙasa, nama yana bushewa kafin ka juya. Na cika kwali uku da kilishin da ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Na kuma ɗaure kayan labu a jaka daban, wato tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, domin Binta ta ce za a so in nuna wa jama'a yadda ake tsoma nama a ciki.

Abokin tafiyata shi ne Garba, baduku daga Zakka ta ƙasar Safana. Ya girme ni da kaɗan, hannunsa yana da kyau a fata, amma bakinsa ba ya hutawa. Ya iso Batsari a kan babur ranar Litinin da hantsi, buhun takalma da jakunkuna ya kusa rufe mai babur ɗin. Muka bi motar Katsina da sauran safiya, don ba mai hankalin da ke bin hanyar in rana ta yi sanyi. A kowane shinge sai an tambayi abin da ke cikin kwali, kuma a kowane shinge Garba sai ya ce, "Kayan gwamnatin Gana ne, yallaɓai." Na tsawata masa sau biyu. A Kano muka sauka gidan wani ɗan'uwansa a Fagge.

Na uku, filin jirgi. Ranar Talata muka haɗu da Binta. Ta ba mu riguna masu kama jiki da hular hana-sallah, duk da tambarin kamfani. Garba ya sa tasa nan take a kan jamfa. Ni na ce ban taɓa tsayawa gaban jama'a ba babbar riga ba, kuma ba zan fara a ƙasar wasu ba. Muka daidaita a kan za a ɗinka tambarin a ƙyallen da nake ɗaurawa a gaba lokacin aiki.

Kuskuren farko nawa ne. Wuƙaƙena uku na naɗe a tsumma na sa a jakar hannu, domin mahauci ba ya ba wani ajiyar wuƙarsa. Da jakar ta shiga na'ura sai ma'aikaci ya ɗaga hannu, wasu biyu suka matso. Garba ya ja da baya ya ce, "Ni dai yau na fara ganinshi." Binta ta yi ta bayani, aka mayar da wuƙaƙen cikin manyan kaya. Na tsaya na ga an rufe jakar da idona kafin na wuce.

A cikin jirgi akwai mujalla a aljihun kowace kujera. Garba ya buɗe, sai ga hotona da aka ɗauka a Katsina, shafi guda, ina riƙe da fallen kilishi. Ya ce, "Kai Sallau, ko a hoto ba ka iya dariya? Wanga fuska ai sai ta kori baƙi." A lokacin jirgin ya fara gudu, ni kuwa sai na kama addu'a. Mun sauka Legas mun canza jirgi, tunda sabuwar hanyar ba ta fara aiki ba. Daga nan zuwa Akra ko barci mutum bai gama gyarawa ba.

Na huɗu, iyaka. An duba fasfo da katin allura ba matsala. Da muka zo wurin masu duba kaya, wata ma'aikaciya ta sa aka buɗe kwali ɗaya, ƙamshi ya cika wurin. Ta nemi takarda, na miƙa ta likitan dabbobi. Ta karanta cikin ladabi, ta mayar mini. Binta ta fassara: takardata tana magana ne a kan shanu masu rai a Batsari, su kuwa suna neman izinin shigo da nama daga hukumar ƙasarsu, wanda tun kafin tafiya ake nema. Ni na ɗauka kamfani ya yi, kamfani ya ɗauka takardata ta isa. A wurinmu in likita ya ga sa a tsaye ya ce lafiya, magana ta ƙare. A can ba ta ƙare ba.

Binta ta kira wannan ta kira wancan, ba abin da ya canza. Matar ba ta nemi komai a hannunmu ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Aka tura kwalayena uku a kan amalanke aka shige da su wata ƙofa. Kayan labu da wuƙaƙe aka bar mini.

Na biyar, masauki da abinci. An sauke mu a otal, hawa na shida, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Ƙofar ba ta da makulli sai kati, kuma Garba ya rufe kansa a waje sau uku cikin kwana biyu. Abincinsu akwai dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye a ci da kifi da ɗanyen barkono. Akwai kuma shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, sai a ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai duk a kwano ɗaya. Ban ga dalilin tara abinci huɗu a wuri guda ba, amma na ci. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gida ko gajiya, sai dai duk wanda ka iske yana cin abinci zai yi maka bismilla ko bai san ka ba. Wannan ya yi mini daidai. Abin da bai yi mini ba shi ne hotunan mamata da ake liƙawa a bango manya-manya, kamar na 'yan takara.

Laraba da safe Binta ta same mu a ƙasa, idonta ya nuna ba ta huta ba. Biki ranar Asabar ne. An riga an buga ƙyalle, an sa hotona a allunan talla, an gayyaci masu shirya wa mutane tafiye-tafiye da matasan nan masu ɗaukar abinci a waya suna yaɗawa.

Ta ce, "Baba, na samo mafita. Akwai masu kilishi a zango, unguwar Hausawa. In sayo kwali biyu, mu zuba a tirenka. Ba wanda zai gane."

Na ce, "A ƙarƙashin wane suna?"

"Sunan da ke ƙyallen mana."

"To ba za a yi ba."

"Baba, kilishi ai kilishi ne."

Na ce, "In ya yi daɗi, na saci yabon wani na kai wa Batsari. In bai yi ba, na ja wa Batsari zagin da ba ta ci ba. Wanne kike so in ɗauka?"

Ta ce, "Ni kuma aikina fa? Ni na kawo sunanka. In manya suka zo suka ga tebur wayam, ni za a tambaya."

Wannan magana gaskiya ce, kuma ta yi mini nauyi. Na ce ta ba ni nama da rufin otal, ranar Asabar za ta ga kilishi.

Na shida, rana. Muka tafi mayanka da ni da Garba. Mahautan wurin yawancinsu suna jin Hausa. Na tsaya aka yanka a gabana, na zaɓi cinya biyu. Kafin azahar na buɗe naman fale-fale na shimfiɗa a kan tabarmi a saman otal. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na wuƙa. Na lissafa da ranar gida. A Akra lokacin damina ce sosai, kuma ko ba a ruwa iskar teku jiƙe take, riga ma in ka shanya sai ta wuni da danshi. Sau huɗu muna kwashe tabarmi a guje muna mayarwa. Alhamis da safe na ɗaga falle ɗaya na shinshina. Ya fara juyawa.

Garba ya ce, "Labu zai rufe shi. Yaji ya fi wannan ƙarfi."

Na ce, "Zai rufe wa hanci. Cikin mutum fa?"

Na sa aka zubar da shi gaba ɗaya. Binta tana tsaye tana kallo, ta juya ta sauka. Daga baya na ji a ranar ta je ta sayo kwalinta na zango ta ajiye a mota.

Na bakwai, gidan burodi. Da azahar muka tafi zango neman masallaci. Bayan sallah wani dattijo mai suna Alhaji Mumuni ya ji Hausarmu ya ce daga ina. Shi a can aka haife shi, kakansa ne ya zo da fataucin goro. Garba, kamar yadda ya saba, ya kwashe labarina duka ya faɗa masa kafin in sa takalmi. Alhaji ya ce mu bi shi mu sha ruwa. Ashe gidan burodi gare shi, mai tanda ta ƙasa irin ta da, babba kamar rumbu. Muna shiga na ji abin da ban ji ba tun da na bar Kano: iska busasshiya. Na taɓa bangon tandar. An kwashe burodi tun hantsi amma da sauran zafi.

Na ce, "Alhaji, daga an kwashe burodi zuwa a sake hura wuta, wa ke amfani da ita?"

Ya ce, "Ba kowa, sai kyanwa da ke kwana a gefe."

Na roƙe shi aro. Ya ce, "Mutumin Katsina, in burodina ya fito da warin nama gobe, kai za ka cinye shi duka." Na ce na yarda.

Na sayo ɗan nama na gwada a ranar. Na yi gaggawa na sa shi can ciki, sai ya dahu maimakon ya bushe, ya zama wani abu tsakanin balangu da fata. Garba ya tauna ya ce in ba ni so ya yi takalmi da shi. Amma na gane inda laifin yake. Zafin ya yi yawa, kuma na rufe ƙofa, tururi bai sami hanyar fita ba.

Juma'a na bi abin a tsare. Da sassafe na koma mayanka na ɗauki cinya ɗaya kawai, don tandar ba za ta ɗauki fiye da haka ba. Na buɗe naman kafin a gama kwashe burodi. Sannan na jira. Ma'aunina shi ne in zura hannu cikin tandar in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ban janye ba. Da farko ko ɗaya ban kai ba. Ma'aikatan gidan suka taru suna kallona suna dariya, ɗaya yana ƙirga mini da yatsa. Da ta kai uku, na jera naman a kan ragar waya, na bar ƙofa a buɗe, na sa Garba a bakin tanda da maficin fata irin wanda yake sayarwa.

Ya ce, "Daga Zakka na hau jirgi biyu don in yi wa nama fifita?"

Na ce, "Fifita ka bar magana."

Ya yi ta yi har hannunsa ya gaji ya canza, bai tashi ba. Wannan na rubuta shi don a sani.

Kafin a tafi masallaci naman ya ɗauki hanya. Da muka dawo na ɗaga falle, ya yi ƙara a hannuna irin wadda na sani. Na dama labu, na tsoma, na sake jerawa. Zuwa la'asar sakaliya ya sake bushewa. Asabar da asuba na gasa a kan garwashi a tsakar gidan Alhaji. Na gutsura na ba shi, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa tana da rai. Burodinsa kuma bai yi wari ba. Sai dai duka abin da na samu tire ɗaya ne da rabi, a maimakon kwali uku.

Na takwas, biki. Fili ne babba kusa da teku, ko'ina tutocin kamfani. Sun kafa rumfa mai siffar cikin jirgi, mutane na shiga suna zama a kujera ana ɗaukarsu hoto. Ana kiɗa, ana jefa ƙuri'a wanda ya ci a ba shi tikitin zuwa Kano kyauta, ana raba takardu masu hoton marina da ganuwa da duwatsu. Rumfar Garba tana jikin tawa, kafin hantsi ya koyi kalma uku ta yarensu yana kiran mata da su. A saman teburina ga ƙyallen nan, sunan Batsari da baƙaƙe kowanne ya kai tsawon hannu.

Na yayyanka kilishin ƙanana don ya kai ga mutane da yawa. Wanda ya ɗanɗana sai ya koma ya kawo wani. Wata mata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye ta ci ta yi ta hura baki saboda yaji, ta sake miƙo hannu. Matasan waya suka sa ni faɗin sunan garin sau ba adadi, suna maimaitawa suna karya shi, ina gyara musu. Kafin azahar tire ya koma fari.

Sai bayan la'asar babban manajan kamfanin ya iso da baƙinsa da masu kyamara, suna bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Binta ta rigo su zuwa, ta sunkuyo ta ce, "Baba, don Allah. Kwalin yana mota. Falle biyu kawai, na hoto."

Na ce, "'Yata, in an tambaya ki ce laifina ne, kuma ki fassara abin da zan faɗa yadda na faɗe shi."

Manajan ya tsaya, ya dubi ƙyalle, ya dubi tire. Bai yi dariya ba. Ya tambaya ina kilishin. Na ce an hana wanda na kawo shigowa bisa ƙa'ida, na yi wani a nan, kaɗan ne, jama'a sun cinye. Na ce akwai na saye a kusa, amma ba na Batsari ba ne, shi ya sa ban sa shi a nan ba. Binta ta fassara, ba ta rage komai ba.

Ya sa yatsa ya dangwali ɓurɓushin da ya rage a gefen tire ya kai baki. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi yadda ya yi. Sannan baƙon ya tambaya, in mutum yana son ya ci wannan ya ƙoshi, ina zai je?

Na ba shi amsa a jere. Ya hau jirginsu ya sauka Kano. Ya shiga mota zuwa Katsina. Ya kwana, ya tambayi halin hanya, in an ce lafiya ya taso da safe. In ba a ce ba, ya aiko, ni zan kai masa Katsina da kaina. Na ce ba zan ɓoye masa ba, garinmu yana cikin wahala, amma ana yanka, ana shanyawa, kasuwa tana ci.

Manajan ya sa mai kyamara ya ce in sake faɗa. Na sake, ban canza kalma ba. Suka ɗauki hoton tiren yadda yake, suka wuce rumfar Garba. Binta ta zauna a kan kujerata ta rufe fuska da gyale, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, wallahi kai ba ka da sauƙi." Na ce na sani. Kwalin nata direbobi da masu share fili suka raba, kuma an gaya musu na zango ne.

Lahadi muka taso, Litinin da hantsi ina gida. Binta tana nan a bakin aikinta, ta kira ni ta gaya mini. Ko wani zai taso daga Gana ya zo, ban sani ba, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani shi ne wannan: an rataya sunan Batsari a bakin teku wuni guda, mutane sun yi layi a ƙarƙashinsa, kuma duk abin da suka ci a wurin, da wuƙata aka buɗe shi.